Mai Juya Inji na Huɗu

Injuna shida ne a tashar samar da wutar lantarki da ke bayan gari, amma uku kaɗai ke aiki. Biyu an daɗe da fiɗe su domin a yi wa sauran faci. Ɗayan da ya rage kuwa, wanda ake kira na huɗu, lafiyarsa ƙalau, in ban da wani sashe guda da ya ƙone shekara goma sha ɗaya da suka wuce, aka ce an yi odar sabo daga waje. A hannun wani makaniki da ake kira Baba Juyi aka bar amanarsa.

A tsakiyar injin akwai wata doguwar sandar ƙarfe mai nauyin gaske. Idan ta daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyinta zai lanƙwasa ta, lanƙwasar da ido ba ya gani, amma wadda za ta hana injin tashi har abada. Saboda haka kowace Litinin da safe Baba Juyi yakan shafa giris, ya kama mariƙin juyawa ya yi ta murɗawa har sandar ta zaga rubu'i guda, sannan ya ja layi da alli inda ta tsaya. Bai taɓa tsallake mako ba, ko a makon da ya aurar da 'yarsa.

Abokan aikinsa sukan tare shi da tsokana: "Baba, yaya mai jikin? Ya ɗan motsa?"

"Ya fi ku motsi," in ji shi.

Duk lokacin da rediyo ya faɗi yawan wutar da ƙasar ke da ƙarfin samarwa, sai ya dubi matarsa ya ce, "Kin ji ko? Har da nawa a ciki."

"To ka ce masa ya leƙo gidan nan, Malam. Firjinmu ya zama kabad."

Sau uku tashar tana sauya masu ita. Kowane sabon kamfani yakan turo manya su zagaya injin, su yaba tsabtarsa, su yi alkawarin kawo sashen kafin ƙarshen shekara.

Da takardar ritayarsa ta fito, ya je ofishin babban injiniya, wanda sa'an ɗansa ne, ya tsaya da hularsa ta aiki a hannu.

"Ranka ya daɗe, wa zan nuna wa juyin?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Baba, kamfani ya rage ma'aikata. Injin da ba ya ba da wuta ba a ware masa mutum."

"Aikin minti arba'in ne fa. Ni zan riƙa zuwa, ba sai an ba ni komai ba."

"Doka ta hana wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa inji. In wani abu ya same ka, wa zai amsa?"

"To sashen, yana nan zuwa?"

"A takarda yana nan zuwa."

Ya daure wata uku a gida, sannan wata Litinin ya hau kekensa ya nufi tashar. Maigadi, abokinsa na shekaru, ya fito ya riƙe masa hannu, suka gaisa sosai, amma bai buɗe ƙofa ba.

"Ka yi haƙuri, mutumina. Sai da kati."

"Na sani. Tambaya kawai na zo yi. Akwai mai shiga wajen na huɗu?"

"Tun da ka tafi mabuɗin yana rataye a ɗakina."

Baba Juyi ya dubi rufin ginin ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Litinin goma sha uku ke nan sandar tana kwance a gefe ɗaya. Ko ta riga ta lanƙwashe, ko da saura, ba mai iya sani sai ranar da aka tashi injin. Ya juya kekensa, bai hau ba, ya tura shi har gida.