Auren da Aka Ɗaura Ba Na Wurin

An ɗaura mini aure a Birmingham, a falon wani malami a Perry Barr, ni kuwa ina Manchester ina fama da jarrabawa. Kawuna ya yi waliyyi, aka raba dabino, aka bugo mini waya cewa an shafa fatiha. Shekara tara ina zaune a kan wannan, hankalina kwance.

A asibitin da nake aiki a Oxford Road akwai wata nas Baturiya, abokiyar shan shayina, wadda ta auri mace 'yar'uwarta. Ni kuwa ba na ɓoye abin da ke cikina. Na gaya mata addinina bai san wannan aure ba, kuma har yau ina nan a kan bakana. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ita ma da can tarko ta ɗauki aure, sai da abokiyar zamanta ta kwanta ciwo ta gane cewa a gaban doka ita bare ce.

Ta tambayi yadda aka yi nawa. Na ba ta labari har da taƙama.

"Ba kya wurin ma? To kun je council daga baya?"

"Mu yi me a can?"

Ta ajiye kofinta. Ta ce tunda ba mu yi rajistar auren a council ba, a dokar ƙasar nan ba ni da aure. Flat ɗinmu da sunan maigidana yake. In ya faɗi ya mutu yau, ni baƙuwa ce mai 'ya'ya uku.

Na ji kunya, na ji tsoro, amma haushin kaina ya fi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Maigidan ya so ya ja. "Haba Hajiya, abin da Allah ya shaida sai council ta sa hannu?"

"Ai wancan ma sai da aka nemo shaidu, Alhaji. Ka yi mana booking."

Ya yarda, da sharaɗin kada Bahaushe ko ɗaya ya ji, don kada a ce shekara tara zaman me muke yi. Ga shi an ce sai mun zo da shaidu biyu.

Ban yi dogon tunani ba. Ranar da muka je council, nas ɗin da matar tata suka sa hannu a ƙarƙashin sunana, Alhaji yana ta gyara hula. Wannan karon ina wurin, kuma da bakina na ce na yarda.