Jan Ɗigo a Goshina

Shekarar da soja suka koma bariki, zazzaɓin zaɓe ya kama kowa, har da mu matan zumunta na cocinmu a Narayi. Da can matar Fasto ce ke nuna shugaba da yatsa, magana ta ƙare. Sai muka ce ai mu ma farar hula ne, ƙuri'a za mu kaɗa. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kujerar, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina jan waƙa, ni ke ɗinka wa mata yunifom har idona ya fara ruwa. Abokiyar takarata wata nas ce mai ritaya, wadda ko tafi ba ta iya yi daidai da kiɗa ba. Aka sa ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma.

Ni tela ce. Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata Ba'indiya, matar injiniyan wata masaƙa a Kudenda. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Sista, da guntun Turancinmu muke hira. Mijinta ya rasu wata biyu kafin nan, tana haɗa kaya za ta koma ƙasarsu. A ranar Alhamis ɗin ta zo karɓar ɗinkinta na ƙarshe, ta roƙe ni in raka ta ɗakin ibadarsu, don ba ta son zuwa ita kaɗai. Na buɗe baki zan ce ina da taro, sai na ga idonta. Haka na cusa yunifom a leda na shiga mota ina zagin kaina a zuci.

Wurin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan gidajen ma'aikata, daf da bakin kogi. Madam ta ce a garinsu haikalin a bakin teku yake, da yamma rana takan faɗa cikin ruwa, ita da mijinta suna kallo tun suna amarya da ango. Shi ya sa yake son nan, saboda ruwan. Na dubi kogin Kaduna, ja kamar kunun dawa, ga wani can ya tuɓe riga yana wanke babur. Na ce mata lallai kam ya yi kama.

Tun a mota na kafa wa kaina doka: ba zan rusuna ba, ba zan ci komai ba, ba zan kalli gumaka ba. Takalmi dai na cire, wannan ko gidan surukai ana yi. Ciki turare ya turnuƙe, ga furanni, ga wani tsoho yana kaɗa ƙararrawa yana juya fitila. Sau ɗaya na leƙa da wutsiyar ido, na hango wani gunki mai kan giwa, tumbinsa sak na wani dattijon cocinmu. Dariya ta taso mini. Na runtse ido gam, na kama Addu'ar Ubangiji, ina kaiwa ƙarshe ina sake farawa.

Ina cikin haka na ji yatsa mai sanyi a goshina. Na ɗauka Madam ce ke share mini gumi, don gumi kam ina yin sa. Aka danƙa mini wata dunƙulalliyar alawa, na ce ina azumi, alhali da rana na tashi da kwanon dambu, na ƙulle ta a bakin zani.

Da muka fito rana ta yi ja, tana sauka bayan itatuwan tsallake. Madam ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba ba sauti. Ta miƙo hannu za ta riƙe nawa, ni kuwa agogo nake duba. Na ɗan taɓa yatsunta, na ce Allah ya kiyaye hanya, na ruga neman acaɓa.

A bayan coci na sa yunifom, na tura ɗankwali baya irin na manyan mata, na shiga ina raba gaisuwa hagu da dama. Duk wadda na gaisar sai ta kafe goshina da ido. Na ce a raina, yau kwarjini ya sauka. Sai nas ɗin nan, da muryar tausayi, ta tambaya ko daga fim ɗin Indiya na fito. Wata ta miƙo mini madubin hoda. Jan ɗigo ne ƙato a tsakiyar goshi, gumi ma ya ja shi har karan hanci.

Matar Fasto, wadda ke sona, ta matso ta raɗa mini, "'Yata, ki ce ƙofar mota ce ta buge ki."

Amma zuciya ta riga ta hau. Na ce, "Mama, ba ƙofa ba ce. Gwauruwa na raka ɗakin ibadarsu, mijinta ya mutu, ba ta da kowa a garin nan." Da nan na tsaya da sauƙi. Ina! Ni da bakin nan nawa, sai da na ƙara da cewa wadda ta fi ni tsarki ta taso ta goge.

Ba wadda ta taso, amma sun goge ni a ƙuri'a. Huɗu na samu, ɗaya tawa ce, ɗaya kuma ta ƙanwar mijina, wadda a gidana take cin tuwo.

A hanyar gida na kwance bakin zanin da na cire na cinye alawar don haushi. Ga daɗi kuwa, madara da man shanu. Kujerar dai kafin Kirsimeti na manta da ita. Abin da har yau yake cina shi ne hannun nan da Madam ta miƙo mini a bakin kogi. Tunda kujerar za ta tafi ko ta yaya, me ya hana in riƙe shi har rana ta gama faɗuwa? Washegari da sassafe na hau acaɓa zuwa Kudenda, mai gadi ya ce tun asuba mota ta ɗauke ta.