Kwanukan Gidan Mma Awabu

Duk falken da ya saba sauka unguwar Nima a shekarun farko na mulkin kai, in ka ambata masa gidan Mma Awabu sai ya yi murmushi kafin ya ce komai. Gidan ƙasa ne mai babban zaure, bayan inda manyan motocin Arewa ke juye kaya. Mijinta Garuba ne ya fara sauke baƙi. Da Allah ya yi masa cikawa, mutane suka ɗauka masauki ya watse ke nan. Ranar da Awabu ta fita takaba ta ci ɗamara, ta ce a share zaure a shimfiɗa tabarmi.

'Yar Salaga ce, gajera kakkaura, ko gaisuwa take yi sai maƙwabta sun ji. Ta raba wa kowa aikinsa. Sulemana, ƙanen mijinta, shi ke tarbar mota, ya nemo wa baƙo dillali, ya sa ido kan kaya. Fuseina, wata 'yar Yendi mai sanyin hali, ita ke kan murhu. Awabu kuwa ta riƙe wa kanta aikin da unguwa ke yi mata dariya a kai, wato duba kwanukan da baƙi suka ci abinci.

Doka ce a gidan, ba a wanke kwano sai ta gani. Ta san baƙon Arewa ba ya ƙorafi. Ka ba shi tuwo mai gudaji ya ce Alhamdulillahi, ya sa maka albarka har da iyayenka, zuwa na gaba kuma sai ka ji ya sauka a unguwar Maamobi da ke maƙwabtaka. Don haka takan zauna kan turmi bayan azahar ta bi kwanukan ɗaya-ɗaya. Wannan ya ture kifi gefe, wancan ya shanye miya ya bar tuwo. Gobe kowa zai tarar an gyara masa nasa ba tare da ya tambaya ba, da haka zauren ya riƙa cika. Illarta ɗaya ce. In ta ga saura a kwano sai faɗa, kuma Fuseina ke shan sa a tsakar gida, gaban kowa.

Babban baƙon gidan shi ne Alhaji Maiturare, falken albasa daga wajen Ƙonni. Inda ya sauka nan mutanensa ke sauka, in ya tashi rabin zaure ya tashi. A wani zuwan da ya yi, kwanonsa ya riƙa dawowa tas, Awabu har tana yi wa maƙwabta fankama. Sai ga Sulemana da magana ƙasa-ƙasa. Ya ga Alhaji a bakin titi yana cin burodi da shayi da rana tsaka, ya kuma ji yana cigiyar ɗaki a Maamobi.

Washegari Awabu ta ɗaga kwanon Alhaji ta karkata shi ga rana. Kwanon da mutum ya suɗe akwai sawun yatsu a jikinsa, wannan kuwa kankarar mara ce, santal. Ta waiga ta dubi akuyar gidan, ta ga ta yi ɓul-ɓul.

"Fuseina, zo nan. Wa ke cinye tuwon Alhaji?"

Fuseina ta sunkuyar da kai. "Mma, akuya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya zo. Man shanu ya ƙare a kasuwa, na sa manja, shi kuma ba ya ci koraa, ko loma ɗaya. In na kawo miki kwanon haka za ki zage ni gaban mutane. Yarana suna ji, Mma."

Awabu ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, sai ta rufe. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban surukai. Ta tura Sulemana ya nemo man shanu ko a ina yake, ta ce wa Fuseina ta kaɗa miyar kuka yadda ta iya. Sannan ta ƙara da cewa daga yau bayan madafa za a riƙa kai kwanuka, su biyu za su duba, ba mai jin bakinsu.

Da la'asar ta yafa mayafi ta tsaya a bakin zaure, Fuseina na biye da ita da abinci.

"Alhaji, mun yi maka laifi, a yi mana afuwa."

"Subhanallahi, uwar gida, ni na ce wani abu?"

"Ba ka ce ba. Shi ya sa na zo da kaina."

Alhaji ya yi dariya yana shafa gemu, ya jawo buta ya wanke hannu.

Can an jima Fuseina ta zagayo bayan madafa riƙe da kwanon hannu biyu. An suɗe miya, sawun yatsu ko'ina, amma ga guntun tuwo nan an bari a gefe. Ba ta taɓa shi ba, haka ta kawo shi.

"Zauna," in ji Awabu, ta matsa mata kan benci. "Me kika gani?"

"Tuwo ya yi tauri kaɗan, Mma."

"Ni ma haka na gani. Gobe sai a sassauta."

Suna nan zaune Sulemana ya leƙo yana share gumi. Ya ce Alhaji ya ce motarsa ta biyu tana hanya, a nan za a sauke, ina za a jibge buhunan? Daɗi ya cika Awabu. Ta miƙa wa Fuseina kwanon ta ce ta ba akuya wannan, halalinta ne, sannan ta tashi ta je buɗe ɗakin ajiya.