Ranar da Umma Ta Ƙi Fita

A shekarar korona na kare kundin digirina na biyu, kuma a bakin gadona na kare shi, cikin ɗan ɗakin da nake haya a unguwar Mesaimeer ta birnin Doha. Jami'a a rufe, filin jirgi a rufe. Abin da bai tsaya ba a Doha sai gine-ginen gasar cin kofin duniya, da injinsu mai fasa ƙasa da ya tare a gindin tagata. Tallafin karatuna kuwa a watan zai ƙare. In malamai suka ce a sake aiki, to da an buɗe hanya sai Funtuwa, hannu rabbana.

Jami'a ta aiko da adireshin shiga zaman ta bidiyo, ta ce baƙi na iya kallo. Na tura wa Umma ita kaɗai, na roƙe ta ta kalla shiru. Ni ma dai da neman magana. Yaushe Umma ta taɓa zuwa sha'ani ba 'yan rakiya?

Ina buɗe kwamfuta na ga dangina reras. Kawu ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gwaggo tana tsinkar zogale. Ga wata da goyo, wallahi ban ma san ta ba. Umma ta kanga waya a fuska, goshinta da bakin ɗankwali kaɗai ake gani. Duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, kuma mutanenmu ba sa tsayawa a sallama: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da wannan annoba. Shugaban zaman, wani dattijon farfesa Balarabe, ya amsa har ya gaji, ya ce "Khalas," wato ya isa haka, ya danna abin da ya kashe muryar kowa. Kawu bai sani ba, ya ci gaba da gaisuwarsa, baki na motsi ba sauti. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayanina ya tafi lafiya. Sai aka zo kan mai jarrabawa na waje, wani mai gemu da ke magana daga wata ƙasa, wanda da alama tun a gida aka ɓata masa rai. Ya kama babi na huɗu ya yi ta yamutsawa. In na amsa ta nan, ya ɓullo ta can. Tsoro na ji sosai, don na fara hango akwatina a ɗaure.

Sai ga muryar Umma raɗau. Yadda aka yi ta kunna maganarta, har yau ban sani ba.

"Malam, a bi ta a hankali. Yarinyar nan ko karyawa ba ta yi ba, na san halinta."

Mai gemu ya tambayi me aka ce. Na ce mahaifiyata ce, tana gaishe shi. Ya ce yana amsawa, ya koma babi na huɗu abinsa.

Da aka gama, shugaba ya sallami baƙi don malamai su yi shawara, ni kuma ya tura ni ɗakin jira, wato farin allo kawai da ke ce maka ka dakata. Ina zaune ina cin farce, Yaya ta kira ni daga gida tana raɗa.

"Ke, Umma fa tana ciki har yanzu."

Ashe Umma ta toshe kyamara da babban yatsa ta yi tsit. Su kuma sun baza kundina a allo, ba wanda ya lura da ɗan baƙin akwatin da ke can gefe.

Yaya ta ci gaba, "Ta ce mai gemun na ta yarfa hannu. Ta ce matar nan mai gilashi tana tare miki." Malamar da ta duba aikina ke nan.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ki fitar da ita. In suka gane za su iya soke zaman gaba ɗaya."

"Ke zo ki karɓi wayar a hannunta, tunda kin iya."

Na kashe, na haɗa kai da gwiwa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can aka maido ni ciki. Shugaba ya gyara zama ya ce na ci, sai 'yan gyare-gyare a babin da kowa ya sani. Baƙin akwatin nan na gefe, bai ko motsa ba.

Bayan la'asar na kira Umma, da sauran haushi a raina.

"Umma, jan madannin nan da ke ƙasa, shi ake dannawa a fita. Ba ki gan shi ba?"

Ta ce, "Na gan shi sarai. Kina can wata uwa duniya ke kaɗai, sai in bari a rufe ƙofa a yanke miki hukunci ba naki ko ɗaya a ɗakin? Ban ji abin da suke faɗa ba, amma dai na zauna."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin dokar jami'a, sai kuka ya riga ni.