Kwalbar da na kusa zubawa a kyandir ɗin suna

Ina riƙe da kwalbar turaren, har na ce a zuba mini, sai Gwaggo Hajo mai haɗa turaren wuta a unguwarmu ta kama hannuna.

Yayata ce ta haihu a Bukkuyum, ni kuma na yi alkawarin kyandir mai ƙamshi da za a raba wa mata ranar suna. A makaranta aka koya mana yin kyandir, kuma ban taɓa yi wa mutane ba. A wurin Gwaggo na shinshina kwalabe da yawa kafin na zaɓi wata mai sanyin ƙamshi.

"Ɗiyata, wanga na suna ne ko na gidan gaisuwa?"

Na ce na suna, muryata can ƙasa.

"To aje shi. Kafur ne a ciki, shi muke sawa a ruwan ƙarshe in muna wankan gawa. Ki kunna ma maijego wanga, tsofaffi su tashi suna salati?"

Na ajiye kwalbar. Ban taɓa shiga inda ake wankan ba, ina zan sani?

Ta ba ni man sandal, ta ce in ɗiga bayan kakin ya ɗan huce. Ranar suna Inna ta kunna ɗaya a ɗakin Yaya, wata tsohuwa ta ce ɗakin yana ƙamshin amare.

Allah ya saka wa Gwaggo da alheri. Ku fa, wa ya taɓa riƙe muku hannu kafin ku ji kunya?