Bangon Falon Mutane

Shekarar da Yayata ta nemi digiri na biyu a fannin akanta, makarantu biyu suka karɓe ta. Ɗaya tana nesa, sunanta kaɗai kan sa a ba mutum kujera a ofis, amma sai an sayar da injin ban ruwan Inna na fadamar Ambursa kafin a biya kuɗinta. Ɗayar tana kusa, karatun Asabar da Lahadi, albashin Yaya zai ɗauka. Inna ta ce a sayar. Yaya ta kasa cewa to, ta kasa cewa a'a.

Ni ce mai kai dambun shinkafar Inna gidajen unguwar Gesse in an tashi makaranta. Ba na iya kallon idon manya, don haka bango nake kallo har a juye kwano. Yaya ta san halina.

"Auta, duk gidan akanta da kika shiga, ki karanto min sunan makarantar da ke jikin hoton gama karatu. Sannan ki dubi gidan da kyau."

Ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba. Ina tafe cikin Keke Napep ina danne dariya da mayafi, ni kaɗai na san ni 'yar leƙen asiri ce. In na dawo mu kulle ɗaki, in zayyana mata: mai hoton babbar makaranta tana da firji biyu, amma kujerarta ta yage, an rufe da darduma. Mai hoton ta kusa tana da mota, sai dai turawa ake yi. Yaya ta yi ta birgima a katifa.

"Wanga bincike naki bai raba gardama ba!"

Ranar wani suna a Argungu, gidan wata tsohuwar akanta, ƙawar Gwaggonmu, na zaga falon ina neman hoto. Na same shi a bayan labule, gilashinsa ya yi ƙura. Ina cikin karanta sunan babbar makarantar nan da leɓe na ji murya a kaina.

"'Yar nan, mi kike nema a bangona?"

Kunya ta sa na faɗi komai a numfashi ɗaya, har da injin. Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa.

"Ki gaya wa yayarki sunan ya yi min aiki. Ranar ɗaukar ma'aikata ko tambaya ba su yi min sosai ba. Gonar da Babanmu ya sayar don karatuna kuwa, na koma da kuɗina in fanso ta, mai ita ya ce bai sayarwa."

Ta cusa min cincin a hannu, ta gyara labulen.

A motar dawowa na raɗa wa Yaya maganganun tsohuwar duka biyun, ban rage ko ɗaya ba. Ta juya tana kallon gonakin shinkafar da ke wucewa ta taga. Can ta ciji cincin ɗina ba tare da ta roƙa ba.

Ranar Asabar ɗin da ta fara zuwa makarantar kusa, ni da Inna muna fadama. Inna ta ja igiyar injin, ya yi tari, ya kama. Na cire takalmi na bi ruwan da gudu har ƙarshen magudanar, ina riga shi.