Taku Nawa Ne Zuwa Bakin Ruwa

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba al'amarin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne don agogon ajinmu yana saitin kujerata. Malaminmu na labarin ƙasa ya rubuta wurare biyu a allo, ya ce kowa ya zaɓi inda zai je yawon ƙarshen zango: dajin Falgore, ko tafkin Bagauda inda za a shiga kwale-kwale. Sai ya waiwayo, ya dubi sandunana biyu da ke jingine da bango.

"Ke kuma duk wanda kika zaɓa, sai ki zauna a mota ki tsare mana jakunkuna."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Shan inna ta taɓa ƙafata ta hagu tun ina ƙarama, an saba ajiye ni wajen kaya, ni ma na saba. Amma ran nan na kasa haƙura.

Falgore dai na cire shi da kaina, na san hanyar daji ba tawa ba ce. Ruwan nake so. Na karanta labarin tafkuna har na haddace, amma ban taɓa jin yadda ruwa yake motsi a ƙarƙashin mutum ba. Na buɗe bayan littafina na rubuta tambayoyi. Taku nawa ne daga mota zuwa bakin ruwa? Taɓo ne ko tsandauri? Yaya ake shiga jirgin?

Wata 'yar ajinmu da ta taɓa zuwa ta ce, "Masu jirgin ai ɗaukar mutum suke cak, kamar buhun masara!" Aka fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ina shekara goma sha shida, wani ƙato ya sunkuce ni gaban aji? Gara jakunkunan. Na tambayi malam, ya ce Allah zai kawo sauƙi. Mahaifiyata ta ce in haƙura. Ga shi Juma'a za a rufe rubuta suna.

Akwai wata tsohuwa da ke kawo soyayyen kifi bakin ƙofar makarantarmu daga can gefen tafkin, ita ma da sanda take dogarawa. Shekara biyu ina sayen kifinta, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Alhamis da aka fita tara na tsaya har kowa ya watse, na gaishe ta, na buɗe littafin na fara karanto mata tambayoyin.

"Oh ni! Jarrabawa za ki yi mini, 'yar nan?"

"A'a, Iya. So nake in sani kafin in rubuta sunana."

Ta goge mai daga hannunta, ta dubi sandunana.

"Inda malamanku ke sauke yara taɓo ne, wannan sandar taki nutsewa za ta yi ki baro ta can. Ki ce da direba ya ƙara gaba kaɗan, wajen da muke sauke kwandunan kifi. Akwai falalen dutse, jirgi yana zuwa daidai da bakinsa."

"Taku nawa ne daga mota?"

"Ji mini yarinya, wa ya ƙirga? Bai kai nan zuwa ajinku ba. Zama za ki yi a kan dutsen, ki zura ƙafafu, ki sulale ciki. Haka nake yi kullum da waɗannan ruɓaɓɓun gwiwoyin."

Na rubuta duka. Sannan na sunkuyar da kai na yi tambayar da na kasa sawa a takarda.

"Ba wanda zai ɗauke ni, Iya?"

"Wa zai ɗauke ki, ke jaririya ce? Je ki rubuta sunanki. Ranar a kan dutsen za ki same ni, ni zan riƙe miki jirgin ki shiga da kanki."